Yadda Ake Haɗa Sabulu da Awo: Jagora Daga Soda da Mai Zuwa Sabulun da Ba Ya Cin Hannu

Ƙorafin da aka fi yi a kan sabulun haɗin gida iri biyu ne. Ko dai ya ci hannu, mai wanki ta tashi yatsunta sun saɓule, ko kuwa ya yi laushi ya zagwanye a kwanon sabulu kafin mako ya zagayo. Masu sana'ar sukan ɗora laifin a kan soda, wato kostik soda, su ce ta yi ƙarfi, ko a kan mai, su ce an yi masa algus. Wani lokaci gaskiyarsu ne. Amma galibi matsalar ta awo ce, kuma tana da magani ga duk wadda ta yarda ta ajiye gwangwani ta ɗauki sikeli. Da yake mata ne suka fi riƙe wannan sana'a, da ke zan yi magana, 'yar'uwa, ko da yake lissafin bai san mace ko namiji ba.

Me ke faruwa a cikin robar haɗi?

A wajen masana sinadarai, sabulu gishiri ne. Duk lokacin da asid ya gamu da sinadari dangin kanwa, irin su soda da ruwan toka, kowanne yakan kashe kaifin ɗan'uwansa, abin da ya fito shi suke kira gishiri. Asid ɗin da ke cikin sabulu daga mai yake fitowa.

Man gyaɗa, manja, man kaɗanya, kitsen saniya, duk gininsu ɗaya ne: ƙwayar giliserin guda tana riƙe da ƙwayoyin asid ɗin mai guda uku. Kowace ƙwayar asid doguwar sarƙa ce ta kabon da haidirojin. Idan kostik soda, wato NaOH, ta shiga, sai ta tsinke mahaɗin, kowace sarƙa ta kama sodiyam guda, giliserin ya fita ya tsaya shi kaɗai. Ke nan ƙwayar mai 1 tana cin ƙwayar soda 3, ta ba da ƙwayar sabulu 3 da ta giliserin 1. Ba ƙari, ba ragi. Sodar da ta wuce wannan adadi ba ta da abin kamawa, za ta zauna da kaifinta a cikin sandar sabulu har ranar da za ta sami fatar mutum. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Michel Eugène Chevreul, shi ne ya warware wannan sirri, ya wallafa bincikensa a 1823, alhali mutane sun shafe dubban shekaru suna dafa sabulu ba su san dalilinsa ba.

Wanda aka fi buga misali da shi a cikin waɗannan gishirai shi ne sodiyam sitiyaret, C17H35COONa, wanda ke fitowa daga asid sitiyarik mai kabon 18. Ƙwayarsa tana da ɓangare biyu masu saɓanin hali. Doguwar sarƙar ba ta shiri da ruwa, maiƙo take nema. Kan da ke ɗauke da sodiyam kuwa ruwa yake so. Idan kina cuɗa tufa, sarƙoƙin sukan nutse cikin maiƙon dauɗa, kawunan su tsaya a waje, sai maiƙon ya kakkarye ya zama ƙananan ɗigo da ruwa zai iya kwashewa. Aikin sabulu ke nan gaba ɗaya. Kumfa ba ita ke wanki ba, alama ce kawai cewa akwai sauran sabulu a ruwan.

Kowane mai da cikinsa

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu, don nan aka fi yin ɓarna. Asid ɗin da ke cikin mayuka ba tsawonsu ɗaya ba. Man alayyadi, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da PKO, kusan rabinsa asid lorik ne mai kabon 12 kacal. Tun da ƙwayoyinsa gajeru ne, sun fi yawa a cikin kilo guda, don haka yana cikin mayukan da suka fi cin soda. Shi ke ba da kumfa mai yawa da sanda mai tauri, amma idan ya yi yawa a sabulun wanka yakan busar da fata. Manja kuwa kimanin kashi 44 cikin 100 nasa asid falmitik ne, yana ba da tauri da daɗewa. Man kaɗanya yana da sitiyarik wajen kashi 40 cikin 100, ga wani kaso da soda ba ta iya ci, wanda ke zama ya tausasa fata. Man gyaɗa oleyik da linoleyik suka fi yawa a cikinsa, sabulunsa mai sanyin hali ne, sai dai laushi da saurin ɗoyi idan aka cika shi.

Ga giram nawa na soda giram 1 na kowane mai yake ci. Alƙaluman matsakaita ne, don mai yakan ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri:

Man kwakwa: 0.183
Man alayyadi: 0.176
Manja: 0.142
Kitsen saniya: 0.141
Man auduga: 0.138
Man gyaɗa: 0.137
Man waken suya: 0.136
Man kaɗanya: 0.128

Yanzu mu duba ƙa'idar da ake koyarwa a wuraren koyon sana'a da yawa a Najeriya: a jiƙa kilo 1 na soda a lita 3 na ruwa, a tsoma haidiromita, wato ma'aunin nauyin ruwan soda, ta nuna 1275, sannan a haɗa lita 2 na mai da lita 1 na ruwan soda. Wannan ƙa'ida ba shirme ba ce. Lita guda ta irin wannan ruwa nauyinta giram 1,275, kashi ɗaya cikin huɗu soda ce, wato wajen giram 319. Lita 2 na mai kuwa kimanin giram 1,830 ne. Idan alayyadi ne zalla, zai ci giram 322. Kin ga sun yi daidai. Amma ranar da alayyadi ya yi tsada kika koma manja da wannan awo, giram 260 kawai zai ci, kusan giram 60 na soda ya rage a banza. Man gyaɗa kuwa 251 zai ci, ragowar ta doshi giram 70. Wannan ragowa ita ce ke cin hannun mai wanki. Haka ma idan ɗan kasuwa ya sirka alayyadin da wani mai, ke ba ki sani ba. Ƙa'idar lita biyu da ɗaya ta mai guda ce, ba a ɗora wa sauran.

Mataki na ɗaya: lissafi a takarda

Ga haɗin sabulun wanka na kilo 1 na mai, wanda nake ganin ya dace da mai farawa, don kayansa suna samuwa kuma ba ya saurin ɓaci:

Alayyadi giram 300 × 0.176 = 52.8
Manja giram 300 × 0.142 = 42.6
Man gyaɗa giram 250 × 0.137 = 34.3
Man kaɗanya giram 150 × 0.128 = 19.2

Jimla giram 148.9. Wannan ita ce sodar da za ta cinye man ƙarƙaf. Ba a zuba ta duka. A sabulun wanka ana rage kashi 5 cikin 100, don ɗan man da ya rage ya zama garkuwa idan alƙaluman sun ɗan kauce, ya kuma sanyaya fata. Ki ninka 148.9 sau 0.95, za ki sami giram 141. Ruwa kuwa ninki biyu na soda, wato wajen giram 280. Shi ma a kan sikeli ake auna shi.

Idan na wanki za ki yi, ragin kashi 1 ko 2 ya isa, don mai da ya rage a sabulun wanki tabo yake bari a tufa. Idan kuma kika canza ko mai guda a cikin huɗun nan, ki sake lissafin daga farko.

Mataki na biyu: kayan aiki da kariya

Sikelin dijital mai nuna giram ɗai-ɗai shi ne jarin farko. Sai safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, riga mai dogon hannu, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Mazubi ya zama roba mai kauri, wadda idan kika kife ta za ki ga lamba 2 ko 5 a cikin alamar kusurwa uku, ko kuwa ƙarfen sitenles. Gorar lemo da ta ruwan sha, masu lamba 1, soda tana cin su. Tukunyar alminiyon, irin ta ƙira da ake dafa abincin biki, haramun ce a wannan aiki: soda tana narkar da ita, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Bokitin kwano ma haka. Ludayi da muciyar da suka taɓa soda kada su sake komawa madafa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ruwan soda idan ya huce, ba ya da kala, ba ya da wari, ido ba ya bambanta shi da ruwan sha. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna karɓar yaran da suka kurɓe shi a gidajen masu yin sabulu, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko kunu, wasu sai an yi musu aiki sau da yawa. Al'adar nan ta jiƙa soda a bar ta kwana ɗaya ko biyu wai ta nuna, ita ce ke buɗe wannan ƙofa. Soda ba ta nuna. Abin da ake buƙata kawai ta narke ta huce, kuma awa ɗaya zuwa biyu sun isa. Masu aiki da haidiromita suna jira ne don ma'aunin ba ya faɗin gaskiya a ruwa mai zafi. Ke da kike awo da sikeli, ki jiƙa iya wadda za ki yi aiki da ita a ranar, kada ki bar ko cokali guda ya kwana.

Idan ta zuba a fata, a sakar mata ruwa minti 15 zuwa 20, a cire tufar da ta jiƙe. Idan ido ne, a buɗe shi a yi ta kwarara ruwa, sannan asibiti ba jira. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, don za ta sake ƙona hanyar da ta bi, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko ruwan tsami. A garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita ainihin abin da ya sha.

Mataki na uku: gyaran mai

Man kaɗanya a narkar da shi a wuta kaɗan-kaɗan, a tace da ƙyalle. Idan da kitse za a yi, a yayyanka shi, a dafa da ruwa da ɗan gishiri, a tace, a bari ya daskare, a kankare dattin ƙasan. Manja yana da zaɓi biyu. Za ki iya barin sa da jansa, sabulun ya fito ruwan lemo, kalar ta riƙa kodewa a hankali. Ko ki soya shi a fili har jan ya washe, ki kiyaye kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki, kada kuma ki matsa daga wajen, don manja mai hayaƙi yana dab da kamawa da wuta. Bayan an gama duk wannan gyara ne ake awo, ba kafin ba.

Mataki na huɗu: ruwan soda

Ki auna ruwa giram 280. Ruwan sama da ya kwanta ya fi, ko ruwan leda. Dalilin guje wa ruwan rijiya zai zo nan gaba. Ki auna soda giram 141 a busasshen mazubi, ki rufe ragowar nan take, don tana zuƙar danshin iska ta yi nauyin ƙarya. A waje ko bakin taga, ki riƙa barbaɗa sodar cikin ruwan kina juyawa. Soda ake zubawa cikin ruwa. Idan aka juya, aka zuba ruwa a kan soda, tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Zafin zai haura ya kusa digiri 90, tururin yana shaƙe mutum, don haka ki kawar da kai. Ki juya har ruwan ya washe, babu ƙwaya ko guda a ƙasa, sannan ki ajiye inda hannu ba ya kaiwa, ya sauko wajen digiri 40.

Mataki na biyar: haɗi

Ki haɗa mayukan huɗu, ki ɗumama su har komai ya narke, su ma su tsaya tsakanin digiri 38 da 45. Idan babu ma'aunin zafi, ki taɓa bayan mazubin da safarki, ɗumi ya kamata ki ji, ba zafi ba. Sai ki tsiyaya ruwan sodar cikin man siriri-siriri kina juyawa.

Da muciya aikin yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci fiye. Da injin markaɗe na hannu, irin mai sanda, mintuna kaɗan ne, amma ki riƙa kunnawa kina kashewa. Za ki ji ana cewa dole a juya ta gefe ɗaya, in ba haka ba sabulu ya tsinke. Sinadaran ba su san dama da hagu ba. Amfanin juyi ta gefe ɗaya shi ne rage fantsama da shigar iska, kuma wannan ma dalili ne mai kyau.

Abin da kike jira shi ne haɗin ya yi kaurin kunun gyaɗa, yadda idan kika ɗaga muciya kika zana layi da abin da ke ɗiga, layin zai ɗan tsaya a sama kafin ya nutse. Wannan ke nuna mai da ruwan soda sun kama juna, ba za su sake rabuwa ba. Tsohon manja yakan sa haɗi ya yi kauri farat ɗaya, saboda wani kaso na asid ɗinsa ya riga ya saki giliserin tun a jarka, soda tana taɓa shi sai ya zama sabulu. Idan manjanki ya kwana biyu, ki tanadi mazubin zubawa a kusa tun kafin ki fara.

A nan ake sa turare, giram 20 zuwa 30 a kilo na mai, irin wanda aka yi don sabulu. Turaren jiki mai sifirit yakan daskarar da haɗi nan take. Silikat da soda ash (sodar wanki, ba kostik ba) da farar ƙasa da ake ƙarawa don nauyi da tauri, wurinsu sabulun wanki. Maganin bilicin kuwa, musamman mai makuri, wato zaiba, kada ya kusanci robarki ko da mai saye ya roƙa: makuri yana ratsa fata ya lalata ƙoda, ya kuma cutar da ɗan da ke ciki.

Mataki na shida: zubawa, yanka, shanya

Wannan haɗi zai cika mazubi mai cin lita ɗaya da rabi. Akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda ya wadatar. Ki zuba, ki ɗan bubbuga a ƙasa iska ta fita, ki rufe saman da leda. A cikin sa'o'in farko zai ɗauki zafi da kansa, tsakiyarsa ta yi duhu kamar zai narke. Aiki ne ke tafiya, kada ki taɓa. Da hunturu a lulluɓe shi da tsohon bargo. Da bazara kuwa kada a lulluɓe, don zafi idan ya yi yawa saman yakan tsage.

Bayan awa 24 zuwa 48 ki fitar, da safa a hannu, ki yanka da wuƙa ko siririyar waya. Za ki sami sanda goma sha biyu ko kusa da haka. Ki jera su a inuwa a kan katako ko kwali, da tazara a tsakani, kina juya su lokaci-lokaci har mako 4 zuwa 6. Soda takan gama aikinta cikin kwanakin farko, sauran makonnin na fitar ruwa ne da ƙara tauri. Sabulun da aka sayar yana ɗanye shi ne wanda ke ƙarewa a kwana uku, mai saye ba za ta dawo ba. Hanyar sanin ya kai: ki ware sanda guda kina auna ta duk mako, ranar da nauyinta ya daina sauka, ya yi.

Giliserin ɗin da ya fito, wajen giram 100 daga kilo na mai, yana nan cikin sabulunki. Manyan masana'antu sukan cire nasu su sayar daban. Shi ke sa na gida ya fi taushi a jiki, shi ne kuma ke sa ya yi gumi da damina, don yana jawo danshi. Ki naɗe shi a leda bayan ya bushe, ba kafin ba.

Gwaji da gyaran kuskure

Ki jiƙa sanda, ki ɗora takardar gwajin pH, mai nuna kaifin soda da lamba, a kan kumfar. Sabulun kirki yakan nuna 9 zuwa 10. Idan ya haura 11, ba na jiki ba ne. Farar hoda a saman sanda ba abin tsoro ba ce, sodar sama ce ta haɗu da iska ta koma soda ash, gogewa ake yi. Abin tsoro shi ne sanda mai marmashewa, ko mai ramuka da ruwa a ciki, ko fararen ƙwayoyi masu tauri: soda ce ta yi yawa ko ba ta narke ba. Irin wannan a kankare shi, a zuba ɗan ruwa da ɗan mai, a dafa a wuta kaɗan har ya haɗe, a mai da shi na wanki. Idan mako ya wuce yana nan da laushi da maiƙo, soda ce ta gaza, ko ta sha iska tun a buhu. Ɗige-ɗige ruwan lemo masu ɗoyi kuwa mai ne ya lalace, kuma tsohon man gyaɗa da tsatsar ƙarfe su suka fi jawo shi. Wadda ke son kai kaya shaguna da sunanta a jiki, ta san cewa sabulu yana cikin kayan da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista.

Idan aka canza ƙarfen

Duk abin da ya gabata a kan sodiyam ne, ƙarfen da ke cikin soda. Sarƙar man tana nan yadda take, amma idan wani ƙarfe ya hau kanta, halin gishirin yakan sauya sarai.

Sabulun salo misali ne da kowa ya sani. Ruwan tokar da ake tacewa daga karan dawa, ko ɓawon koko da na ayaba kamar yadda ake yi a ƙasar Yarbawa da Gana, fotasiyam ne ya fi yawa a cikinsa. Gishirin fotasiyam ya fi narkewa a ruwa, shi ya sa salo yake da laushi, yake jan danshi, ba ya yin sanda mai ƙwari. Da yake ƙarfin toka ba ɗaya ba ne, masu dafa salo da ido da gwaninta suke aiki, suna dafawa suna ƙara mai har kaifin ya mutu. Mai son sabulun ruwa na gaske da KOH take aiki, wato takwarar soda mai fotasiyam, kuma lissafinsa shi ne a ninka adadin soda sau 1.4, a ƙara la'akari da cewa wanda ake sayarwa galibi ƙarfinsa kashi 90 ne cikin 100.

Kalsiyam da magniziyam kuwa kowanne sarƙa biyu yake kamawa, kuma gishirin da suke bayarwa ba ya narkewa a ruwa sam. Wannan shi ne sirrin ruwan rijiyar da ake cewa yana cin sabulu. Ruwan da ya ratso dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don siminti a Kalambaina da Ashaka da Malbaza, yakan ɗebo kalsiyam. Da sabulu ya shiga, sai kalsiyam ya ture sodiyam ya hau wurinsa, a sami wannan farin dusar-dusar da ke yawo a saman ruwan wanki, yana liƙewa a bakin baho, yana dusashe farar shadda. Ba za a ga kumfa ba sai sabulu ya gama kwashe kalsiyam ɗin da ke ruwan, wanda ya rage ne zai yi wanki. Omo bai damu da wannan ba, don gishirinsa na kalsiyam ya fi narkewa, kuma an haɗa shi da sinadaran da ke ɗaure kalsiyam.

Za ki iya ganin abin da idonki, malamin makaranta ma zai iya nuna wa ɗalibai. A narkar da giram 10 na kankararren sabulu a rabin lita na ruwan sama mai zafi. A wani kofi a narkar da giram 5 na gishirin Efsom da ake samu a kantin magani, wanda magniziyam ne a cikinsa. A juye na biyu cikin na farko. Nan take kumfa za ta mutu, farin gudaji ya taso. A tace da ƙyalle, a ɗauraye, a shanya. Garin da ya bushe yana da santsi a yatsa, idan aka ɗiga masa ruwa sai ɗigon ya dunƙule ya gangare. Sabulun magniziyam ne, ba magniziyam sitiyaret zalla ba, tun da mayukanki gauraye ne, amma wannan hanya ɗaya ce daga cikin waɗanda masana'antu ke bi.

Abin da ke ɓata wa mai wanki rai, a can haja ce mai daraja. Magniziyam sitiyaret ana sa ɗan kaɗan, galibi wajen kashi 1 cikin 100, a garin ƙwayar magani don kada ya manne wa injin da ke buga shi, kuma idan kika karanta takardar da ke cikin kwalin magani sau da yawa za ki ga sunansa. Kalsiyam sitiyaret yana shiga bututun roba na PVC don ya sulale a inji ya kuma jure zafi, ana sa shi a siminti don rage shan ruwa. Na tutiya, wato zinki sitiyaret, yana cikin hodar kwalliya, yana kuma hana roba mannewa a mazubin ƙira. Giris ɗin da bakanike ke cusa wa boris ma sabulu ne ya riƙe shi: man inji ne aka daskarar da sabulun litiyam, wanda ya bazu tun shekarun 1940 saboda yana jure zafi da ruwa, alhali giris na sodiyam ruwa yana wanke shi.

Idan ruwan unguwarku mai cin sabulu ne

Ki fara da gwaji. Kwalba biyu, ɗaya ruwan sama, ɗaya na rijiya ko burtsatse, adadi ɗaya. Ki ɗiga ruwan sabulu daidai wa daida, ki girgiza. Idan ta farko ta yi kumfa, ta biyu ta yi fari-fari babu kumfa, kin gano inda sabulunki ke tafiya. Farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi ma shaida ce.

Don wanki, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na soda ash a bokiti, ko ɗan ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa, ki juya, ki ba shi mintuna kafin sabulu ya shiga. Kalsiyam zai koma alli ya kwanta. Tafasa ruwa ma yana rage wani kaso.

A wajen haɗi kuwa akwai dabara biyu. Sabulun alayyadi da na kwakwa sun fi sauran jure irin wannan ruwa, don haka a na wanki ki ƙara kasonsu, ki sake lissafi. Ta biyu ita ce asid sitirik, farin garin tsamin nan da masu lemo da alewa ke saye. Ki narkar da giram 10 zuwa 20 a ruwan haɗin kilo guda na mai tun kafin soda ta shiga. Zai koma sodiyam sitiret, wanda ke riga sabulu kama kalsiyam, yana kuma jinkirta ɗoyin mai. Sai dai shi ma yana cin soda: kowane giram 10 nasa yana cinye giram 6. A haɗinmu na sama, idan kika sa giram 10 na sitirik, sodarki za ta tashi daga 141 ta koma 147, idan 20 ne ta koma 153, ruwa kuma ya tsaya a 280 ɗinsa.